Idan Yaro Ya Daina Cin Ƙwallo

'Yan'uwa manoma, a filayen Chikaji da Samaru mukan ga yaron da ya saba jefa ƙwallo a raga, kwatsam ƙafa ta ƙi. Galibi tsoro ne da gajiya ke jawo haka. In muka dame shi da tsawa, sai ya bar wasa ya shiga yawon banza.

Mu fara duba abincinsa da barcinsa, musamman lokacin noman firi. Sa'an nan ya riƙa bugawa daga taku 10, ido a kan ƙwallo, kafin ya ƙara nisa. Ya ci, mu yaba masa.

Yara ne suka ciwo wa Nijeriya kofin duniya a ƙasar Sin a 1985. Gonar da ta gaji, taki take so.