Igiya, kwano da tafiyar ƙasa: Yadda ake fara rage ƙiba a ƙauyukan arewacin Kano

Ranar da jiri ya ɗebi kawuna a kasuwar Dawanau, yana tsaye ne gaban buhunan gero ana cikin ciniki. Abokan sana'arsa suka zaunar da shi, suka yayyafa masa ruwa, kowa na cewa zafin rana ne.

Washegari na raka shi asibiti. Aka auna jininsa aka ga ya hau, sukarin jikinsa na bakin iyaka, sikeli kuma ya nuna kilo 94. Ma'aikaciyar lafiya ta ba shi magani, sannan ta ce sai ya rage jiki.

A hanyarmu ta komawa ƙauyenmu, tsakanin Dambatta da Makoɗa, ya yi shiru na tsawon lokaci kafin ya juyo ya ce da ni: "Ɗana, lokacin da nake a rame ana cewa ba ni da lafiya. Yanzu Allah ya rufa asiri na yi jiki, kuma a ce nan ma cuta ce?"

Wannan tambaya ba tasa ba ce shi kaɗai. A ƙasar Hausa tumbi alama ce ta samu, amarya kuma idan ta yi ƙiba a gidan miji sai a ce ana kula da ita. Saboda haka duk wanda zai fara rage ƙiba a karkara, da bakin mutane zai fara arangama kafin ya kai ga kwanon abinci.

Ƙiba ta iso ƙauye

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya na fama da matsananciyar ƙiba, wato sama da mutum biliyan ɗaya. A Najeriya, binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya zarce ƙima.

Matsalar ta fi yawa a birane da kudancin ƙasar, amma karkara ba ta tsira ba. Wani babban nazari da mujallar Nature ta wallafa a 2019 ya nuna cewa fiye da rabin ƙaruwar nauyin jikin mutanen duniya daga 1985 zuwa 2017 daga yankunan karkara ya fito.

Wanda ya san ƙauyukan Bichi, Tsanyawa, Kunchi, Makoɗa da Dambatta zai iya ganin dalili da idonsa. Yanki ne mai cunkoson jama'a, gona manne da gona, kuma tun da daɗewa da ƙarfin jiki ake ciyar da gida. Manomi na tashi da asuba ya taka zuwa gona, ya kai taki a kan jaki, ya yi noman farko da maimai da fartanya. Mace na yin surfe da daka da niƙa, ta jawo ruwa a rijiya da guga.

Yau babur ya maye gurbin ƙafa, maganin feshi ya rage aikin fartanya, injin niƙa ya karɓi aikin turmi da dutse. Duk wannan sauƙi ne da babu mai son a rasa shi. Sai dai aikin jiki ya ragu, abinci kuma bai ragu ba. Ya ma ƙaru da wasu baƙi: shayi mai kauri da biredi da safe, taliya da indomi, garau-garau da mai yana kwance a kai, lemon kwalba mai sanyi a shagon da ke da sola.

Ba kowa abin ya shafa ba. Waɗanda suka fi faɗawa su ne irin su kawuna: dillalan hatsi, masu shago, direbobi, 'yan acaɓa, malaman makaranta, da matan aure da ke wuni a cikin gida. Ƙaramin manomin da ke cin guminsa da damina shi ma yakan tara jiki da rani, idan aiki ya ƙare aka koma zaman majalisa.

Gwajin igiya

Matakin farko shi ne mutum ya san ko yana buƙatar ragewa. A asibiti ana amfani da ma'aunin BMI, wanda ke haɗa nauyi da tsayi: daga 25 nauyi ya wuce ƙima, daga 30 kuma an shiga matsananciyar ƙiba.

Amma akwai gwajin da ba ya buƙatar sikeli. A 2022 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya, ta shawarci manya su tabbatar faɗin ƙugunsu bai kai rabin tsayinsu ba.

Ga yadda ake yi a gida. A samu igiya, a auna mutum daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, a yanke. A ninka ta biyu, a zagaya ta a ciki, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, wato kaɗan sama da cibiya. Idan bakin igiyar bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa.

Kitsen ciki shi ne mafi haɗari, domin yana lulluɓe hanta da hanji, yana hana jiki sarrafa sukari yadda ya kamata. Daga nan ciwon sukari da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki kan samu ƙofa.

Da muka gwada wa kawu, tazarar da ta rage ta kai tsawon tafin hannu. Wannan igiyar ta fi duk bayanin da na yi masa tasiri.

Ba sai an rame ba

Abin da ya fi tsorata shi shi ne ya koma kamar sanda. Amma likitoci ba haka suke nema ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki ya isa a ga sauyi a hawan jini da sukari.

Wani gwaji da aka yi a Amurka, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya bi mutanen da ke gab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka sa su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Sakamakonsu ya fi na waɗanda aka ba ƙwayar magani.

Ga mai kilo 94, kashi 7 bai kai kilo bakwai ba. Idan ana rage rabin kilo a mako, aikin 'yan watanni ne. Sannu ba ta hana zuwa.

A fara da abin sha

Sukarin da ake sha ya fi saurin tara ƙiba, domin ba ya ƙosar da mutum. WHO ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da jiki ke samu a rana. Ga babban mutum wannan ya kai kimanin giram 50, wato cokalin shayi 12.

Robar lemo guda mai santilita 50, irin mai cikakken zaƙi, tana iya cinye wannan adadi gaba ɗaya. Gwamnatin tarayya ma ta sanya harajin Naira 10 kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021.

Sai dai a ƙauye ba lemo ne kaɗai ba. Akwai shayin mai shayi, da koko, da kunu, da zoɓo, da furar da yanzu ake zuba wa sukari kamar ba a san zaƙin nono ba. Kawu ya lissafa, ya ga yana shan shayi sau biyu, fura sau ɗaya, lemo ɗaya ranar kasuwa.

Bai daina komai rana ɗaya ba. Ya raba sukarin shayinsa biyu, bayan mako biyu ya sake rabawa, lemo kuma ya bar shi sai ranar biki ko suna. Harshe kan saba cikin 'yan makonni.

Abin da ke rumbu ya isa

Babu buƙatar sayen wani abinci daga birni. Gero da dawa da wake da ake nomawa a yankin suna da dusar da ke sa abinci ya daɗe a ciki, sukari kuma ya shiga jini a hankali, musamman idan ba a tsananta surfe ba. Farar shinkafa da fulawa an riga an raba su da mafi yawan tasu.

Amma tuwon dawa ma yana sa ƙiba idan aka ci malmala uku a kwanta. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce rabin kwano ya zama ganye, kwata ya zama tuwo ko shinkafa, kwata kuma wake ko kifi ko nama ko ƙwai.

Ganye kuwa ba ya wuya a nan: zogale, rama, tafasa, yaɗiya, alayyahu, kuka da kuɓewa. Da rani masu noman ban-ruwa a madatsun Tomas da Watari na kawo tumatir da albasa da sauran kayan lambu. Kwaɗon zogale, dambu mai ganye da yawa, da faten wake abinci ne da kakanninmu suka sani, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Sai mai. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja na ɗauke da kalori kusan 120, kuma da yawa ba a auna shi, tuttulawa ake yi. A riƙa awo da cokali. A rage ƙosai da fanke da soyayyar awara, a ƙara alale da dafaffen wake.

Mai hawan jini kuma ya kula da gishiri. WHO ta ce kada ya kai giram 5 a rana, kusan cokalin shayi ɗaya, kuma sinadarin ɗanɗano na dunƙule yana cikin lissafin. Daddawa da albasa da citta na iya cike gurbin wani ɓangare.

A nan ne aka gane cewa aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Ba kawu ke girki ba, kuma a faranti ɗaya suke ci da ƙannensa a zaure. Sai da aka zauna da matansa biyu aka yi musu bayani, domin kada a ɗauka raina girkin wata yake yi. Aka ware masa ƙaramin kwanon samira, abin da ya shiga ciki shi ne rabonsa.

Ƙafa kafin babur

WHO ta ce babban mutum na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Tafiya ce mai ɗan sauri, wadda numfashi zai ƙaru amma mutum na iya magana.

Dattijo a ƙauye ba zai sa gajeren wando ya fita gudu ba, kuma ba a buƙatar hakan. Ya ajiye babur idan gona ko masallaci ko gidan ɗan'uwa bai wuce tafiyar rabin awa ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan ma ragin kashe kuɗi ne. Keke ma motsa jiki ne.

Matan da ba sa fita suna iya zagaya tsakar gida da sassafe ko bayan magariba, minti goma-goma sau uku. Shara da wanki da daka duk suna cikin lissafi. Idan kishiyoyi ko facaloli suka yi tare, ya fi ɗorewa, kuma babu mai yi wa wata dariya.

Inda ake yin ɓarna

Ranar kasuwa ba a rasa mai lasifika da ke tallar maganin narkar da tumbi. Yawancin shayin rage ƙiba gudawa kawai yake sawa, irin aikin filasko. Ruwan jiki ne ke fita, kitsen na nan, kuma yawan sha na iya jigata mutum.

A ɗaya gefen akwai ƙwayoyin "sha ka fashe" da wasu 'yan mata da amare ke sha don su yi jiki. Daga cikinsu akwai irin su dexamethasone, maganin da ke kumbura fuska da ciki, ya tayar da sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. Ta je asibiti a rage mata a hankali.

Haka kuma ba kowace rama ce alheri ba. Wanda ke ramewa ba tare da ya rage ci ba, musamman da yawan ƙishirwa da fitsari, ko tarin da ya wuce mako biyu, ya je a duba shi, domin yana iya zama ciwon sukari ko tarin fuka. Mai shan maganin sukari kada ya riƙa tsallake abinci sai da shawarar likita. Mai ciki kuma ba lokacin rage nauyi ba ne gare ta.

Abu mafi muhimmanci shi ne yara. Binciken 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Kano 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. A gida ɗaya ana iya samun uba mai tumbi da yaro mai tamowa. Ragin na babba ne, ba na tukunya ba. Kuɗin da aka tsimi daga lemo da sukari ya fi amfani idan ya koma ƙwai da wake da nono a kwanon yara.

Bayan wata shida

Da aka yi girbi aka sake ɗora kawu a sikeli, ya nuna kilo 88. Har yanzu yana shan maganin hawan jini, kuma an gaya masa kada ya daina don ya ga sauƙi. Amma jirin bai dawo ba, gwiwarsa ta daina damunsa, kuma yana taka ƙafa zuwa gonarsa ta bayan gari.

Bakin mutane bai mutu ba. A majalisa an tambaye shi ko kasuwa ce ta karye, wata gwaggonmu ma ta aiko masa da rubutu. Yanzu dariya yake yi, ya aika yaro ya ɗauko igiyar da ke rataye a ƙusa a ɗakinsa.

Mutum uku a majalisar sun riga sun gwada ta. Tasa kuwa saura yatsa biyu ta haɗu.