Haƙoran sarƙar babur: ƙarfi kake so ko gudu?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, a yau babur, wanda muke kira moto, ya zama ƙafar mutumin karkara. Shi ke kai buhun taki gona. Shi ke kai hatsi kasuwa. In ciwo ya taso cikin dare, shi ke kai marar lafiya gidan likita. Amma sau da yawa za ka ji mai babur yana kuka: “In na ɗora kaya na shiga rairayi, sai ya kasa.” Wani kuma ya ce: “In na hau kwalta, injin sai ihu, mai kuma sai ƙarewa.” Ba kullum ne laifin yake ga inji ba. Wani lokaci maganar tana ga haƙoran da sarƙa ke bi.

Yadda ƙarfi ke isa ƙafar baya

Ka durƙusa ka dubi babur ɗinka. Sarƙa tana zagaye da faifai biyu na ƙarfe masu haƙora. Ƙaramin yana gaba, jikin inji. Masu gyara na ce masa piniyo. Babban yana jikin ƙafar baya, shi ne suke kira kuron. Inji ya juya ƙarami, ƙarami ya ja sarƙa, sarƙa ta juya babba, babba ya juya ƙafa. Ta nan ne babur ke tafiya.

Kowane faifai yana da yawan haƙoransa. Galibi an buga lambar a jikinsa. In ba ta fito ba, ka sa alli a haƙori ɗaya, ka ƙirga har ka dawo kansa.

Ɗan lissafi

Mu ɗauki misali. A ce ƙaramin faifai yana da haƙora 14, babban yana da 42. Raba 42 gida 14, ka samu 3. Ma’anarsa, sai ƙaramin ya juya sau 3 kafin ƙafar baya ta juya sau 1.

In wannan lamba ta hau, ƙarfin ja ya ƙaru, gudu ya ragu. In ta sauka, gudu ya ƙaru, ƙarfin ja ya ragu. Ka tuna da sa da doki. Sa yana jan amalanke cike da kara, amma ba ya tsere. Doki yana tsere, amma ba a ɗora masa kayan sa. Canjin haƙora ba ya ƙara wa inji komi. Musanya ce kawai: ka ba da gudu ka karɓi ƙarfi, ko ka ba da ƙarfi ka karɓi gudu. Taura biyu ba ta taunuwa.

In ƙarfi kake nema

Wannan shi ne buƙatar mai bin hanyoyin rairayi, kamar na ƙasar Dakoro, Tanut ko Gure, da mai hawa duwatsun Adar, wajen Keita da Buza. Hanya biyu ce. Ko a ƙara wa babban faifai haƙora, ko a rage na ƙaramin.

A misalinmu, in ka sa babba mai haƙora 45 a wurin mai 42, ƙarfin ja zai ƙaru da kimanin kashi 7 cikin 100. Babur zai tashi da kaya ba tare da wahala ba. Zai tafi sannu cikin rairayi ba tare da inji ya mutu ba. Ba za ka riƙa matsa kuloci rabi da rabi ba, abin da ke ƙone farantansa. Amma ga abin da ka biya: inda dā kake yin kilomita 70 a awa, yanzu da wannan juyin inji kilomita 65 za ka yi. In ka hau kwalta ka ce sai ka yi gudunka na dā, injin zai yi ta kuka, ya yi zafi, ya ƙara shan mai.

In gudu da sauƙin mai kake nema

Wannan na mai doguwar tafiya ne a kan kwalta, ba da kaya masu nauyi ba, kamar mai bin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Doso, Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram. Shi sai ya ƙara wa ƙaramin faifai haƙori ɗaya, ko ya rage na babban.

In ka sa mai 15 a wurin mai 14, juyin injin da ke ba ka kilomita 70 zai ba ka 75. In kuwa ka tsaya a 70 ɗinka, injin zai rage kuka, jijjiga ta ragu, mai ya ɗan ƙara jimawa. Amma tashi zai yi nauyi. Hawa tudu da goyo zai sa ka riƙa sauko da giya. Kuma a kula: ƙaramin inji in aka yi masa yawa, ba zai iya cika giyar ƙarshe ba. Iska ta taso ta gaba, sai ka ga gudun ma ya ragu. An rasa ƙarfi, ba a samu gudu ba.

Dokoki biyar kafin ka canza

1. A yi canji kaɗan. Haƙori 1 a gaba daidai yake da kimanin haƙora 3 a baya. Duba: 42 gida 13 da 45 gida 14 kusan amsa ɗaya suke bayarwa. Saboda haka kada ka wuce haƙori 1 a gaba, ko 2 zuwa 3 a baya. Ka gwada na ƴan kwanaki tukuna.

2. In ƙarfi kake so, ƙara na baya ya fi rage na gaba. Faifan gaba in ya ƙanƙance da yawa, sarƙa na lanƙwasa sosai a kansa, sai ta ci da wuri.

3. A dubi lambar sarƙa. A jikinta akwai lamba, kamar 420 ko 428. Dole faifan da za ka saya ya zama na wannan lamba. Ramukan ƙusoshinsa ma su dace da na babur ɗinka. Ka tafi kasuwa da tsohon a hannu.

4. Babban faifai in ya ƙara girma, sarƙa na iya gajarta. Kada a tilasta mata. A ƙara mata tsawo ko a sayi wadda ta kai.

5. Kada a haɗa tsoho da sabo. Tsohuwar sarƙa tana cinye sabon faifai, tsohon faifai yana ɓata sabuwar sarƙa. In sun tsufa, a canza duka uku a rana ɗaya. Wanda ya canza ɗaya don tsimi, zai saya sau biyu.

Yadda ake gane sun tsufa

Haƙorin kirki kansa a daƙile yake, gefensa biyu daidai. In ka ga haƙora sun yi tsini kamar ƙaya, ko sun karkata gefe ɗaya kamar lauje, aikinsu ya ƙare. Ka kuma kama sarƙa a bayan babban faifai ka ja ta baya. In ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ta miƙe. Irin wannan sarƙa tana iya zamewa ko ta tsinke ana cikin gudu. In ta naɗe a ƙafar baya, ƙafar ta tsaya cak, mai babur da wanda ya goya duk su faɗi.

Bayan an ɗaura

Kada sarƙa ta yi tauri kamar tsirkiyar baka, kada kuma ta yi lako-lako. A tsakiyarta ta riƙa motsi sama da ƙasa kimanin santimita 2 zuwa 3, wato kaurin yatsa biyu. A daidaita ƙusoshin ja na hagu da na dama, don ƙafar baya ta tsaya sak. Ɗan makullin da ke haɗa bakin sarƙa, rufaffen kansa ya dubi inda sarƙa ke tafiya. In an ja ƙafa gaba ko baya, a sake daidaita birkin baya.

A ƙasarmu rairayi shi ne babban abokin gaban sarƙa. In ya haɗu da mai, sai ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. A riƙa wanke sarƙa da kananzir da tsohon buroshi, a bari ta bushe, a sa mata mai kaɗan, a goge wanda ya yi yawa.

Lafiyar jiki

Kada ka taɓa sarƙa inji yana aiki. Masu goge ta da tsumma ƙafa tana juyawa, haƙora na fizgar tsumman su tafi da yatsa. Ka kashe inji, ka juya ƙafa da hannu.

A mayar da murfin sarƙa bayan gyara. Shi ke hana zanen mace, ko babbar riga, ko ƙafar yaro shiga haƙora.

A ƙarshe, a tuna: babur ɗin da aka ƙara wa ƙarfin ja zai iya tashi da kayan da suka fi ƙarfinsa, amma birkinsa da tayoyinsa suna nan yadda suke. Abin da ya iya ja, ba lalle ne ya iya tsayar da shi a gangare ba. Kada sabon faifai ya sa ka ƙara buhu.

Saboda haka, ɗan uwa, kafin ka je wurin mai gyara, ka tambayi kanka: wace hanya na fi bi, kuma me na fi ɗauka? Ka ƙirga haƙoranka, ka rubuta lambobin a takarda, ka yi rabawar da kanka. In hanyarka rabi rairayi ce rabi kwalta, ka bar babur da haƙoran da ya zo da su, ka kula da sarƙarsa.