Icen Girki: Yadda Za Mu Rage Asara Daga Gatari Zuwa Tukunya

 Ruwa ya ɗauke, hunturu ya fara busowa, hankalin kowa yana wajen girbi da sussuka. Amma akwai wani tanadi da muke mantawa da shi kowace shekara, sai tsakiyar damina mu tuna. Shi ne tanadin icen girki.

A watan Agustan da ya wuce mun shiga wani gida a Nasarawa da magariba. Muka tarar da uwargida durƙushe gaban murhu, goyo a bayanta, tana ta hura wuta, idanunta sun yi ja wur. Icen yana kumfa ta gindi. Ta cusa leda da guntun tsohon silifas don wutar ta kama. Masara tana nan a ɗaki, amma yara sun yi barci ba su ci tuwo ba. Maigidan ya ce mana ice ya yi tsada. Gaskiyarsa. Sai dai kusan rabin abin da ya saya ran nan ruwa ne.

Abin da ya sa muka koma ga ice

Unguwar Nasarawa ta cika ne da ma'aikatan masaƙun Kakuri. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya. A zamanin albashi gidaje da yawa da risho suke girki. Aka rufe KTL a 2002, aka rufe UNTL a 2007, mutane da yawa suka koma noma da ƙananan sana'o'i. A 2016 gwamnati ta janye tallafin kananzir. A 2023 ta janye na fetur, kuɗin dakon kome ya hau. Iskar gas kuwa ba kullum aljihu yake iya ɗauka ba.

Icen ma ya yi nisa. Daga dazuzzukan hanyar Kachia da hanyar Abuja motoci suke kawo mana shi, shiga daji kuma ya zama abin tsoro. A 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta hana sare itatuwa a ƙananan hukumomi 7 saboda rashin tsaro, har da Chikun inda Nasarawa take. Ba mu da iko a kan farashi. Amma muna da iko a kan abin da yake faruwa da icen bayan ya shigo gida, kuma a nan ne babbar asara take.

Ɗanyen ice ruwa ne

Sabon sare, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Idan an sa shi a wuta, tilas wutar ta fara ƙone ruwan nan tukuna kafin ta waiwayi tukunya. Shi ya sa yake hayaƙi, yana kumfa, ba ya ci. Busasshen ice shi ne wanda ruwansa ya sauko zuwa kashi 20 cikin 100 ko ƙasa da haka. Kilo ɗaya na busasshe yana ba da zafi kusan ninki biyu na kilo ɗaya na ɗanye.

Ɓawo shi ne rigar ice, yana tsare ruwa a ciki. Gungumen da aka bari haka nan zai iya kai wa shekara cikinsa bai bushe ba. In an faskara shi, iska ta shiga ta kowane gefe. A iskar hunturu faskare yakan bushe cikin wata 2 zuwa 3, gwargwadon kaurinsa da irin icen. Saboda haka lokacin faskare shi ne yanzu, daga Nuwamba zuwa Janairu, domin ya bushe kafin ruwan Afrilu.

Ga yadda za ku gane busasshe. Bakinsa ya tsattsage. Ba shi da nauyi a hannu. Ɓawon yana saɓulewa. In kun buga guda biyu za ku ji ƙara ƙwal, ɗanye kuwa sai dai ku ji dum.

Kayan faskare

An ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yawancin itatuwa kuma tun suna ɗanye suka fi daɗin faskare, musamman turare, wanda in ya bushe sai ya gagari gatari.

Gatarin da aka saba da shi ya isa ga ice madaidaici. Amma gungumen marke ko ƙirya mai gaɓa yakan riƙe gatari, har ƙota ta karye. Maganinsa weji da babbar guduma. Weji ƙarfe ne mai kauri a kai, mai kaifi a baki. Maƙeri ko mai walda a Panteka zai iya yi muku. Ku nemi inda icen ya fara tsagewa, ku kafa weji a nan, ku buga. In ya nutse icen bai rabu ba, ku kafa na biyu a gaba cikin tsagar. Da weji biyu ko uku mutum ɗaya zai raba gungumen da ya gagari ƙarti uku.

Ku yanka gungume gajere-gajere da zarto kafin faskare, kamar kamu ɗaya. Gajeren ice ya fi saurin tsagewa, ya fi saurin bushewa, shi ne kuma ya dace da murhun da za mu ambata. Kaurin faskare kada ya wuce wuyan hannu.

A Turai da Amurka akwai injin faskare, wanda yake tura gungume a kan weji da ƙarfin mai. Yana da sauri, amma yana da tsada, yana shan fetur ko lantarki, in ya lalace kayan gyaransa sai an nemo daga nesa. Mai sayar wa gidajen burodi ice yana iya lissafinsa. Ga ƙungiyar manoma, shawararmu ita ce ku haɗa kuɗi ku sayi gatari biyu, weji uku, guduma ɗaya, zarto ɗaya da magagari. Ku ba mutum ɗaya ajiya, da littafin rubuta wanda ya ara.

Ku kiyaye waɗannan:

1. Ku duba ƙota kafin ku fara. Gatarin da ya kwance ya fi maciji haɗari.
2. Ku ɗora icen a kan kututture mai faɗi, ku buɗe ƙafafu, don in gatari ya kuskure ya sauka a ƙasa.
3. Kada ku yi faskare da silifas ko ƙafa ba takalmi.
4. Yara su yi nisa, aƙalla taku goma.
5. In kan weji ya baje saboda duka, a goge shi da magagari. Ɓarɓashin ƙarfe yana tashi ya tsone ido.

Ajiya

Faskaren da aka zube a ƙasa abincin gara ne. Ku jera duwatsu ko tsofaffin bulo, ku ɗora sanduna biyu a kai, sa'an nan ku jera icen. Ku bar tazara tsakaninsa da bango don iska ta ratsa. Da rani a bar shi a buɗe. Kafin ruwan fari a rufe samansa kaɗai da tsohon kwano ko zana. Wanda ya lulluɓe shi duka da leda zai tarar ya yi fumfuna. Ku nisanta shi daga ɗakin kwana saboda maciji da kunama, daga murhu da rumbu kuma saboda gobarar hunturu.

Murhu mai duwatsu uku

Murhun iyayenmu yana da kirki. Ba a saya, yana karɓar kowace tukunya. Aibinsa ɗaya, a buɗe yake. Daga zafin da icen yake bayarwa, wajen kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ne kawai yake shiga tukunya. Saura iska ta kwashe. Watau cikin dami goma, ɗaya da ɗan wani abu ne suka dafa abinci.

Sa'an nan ga hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin girki a cikin gida ya jawo mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya. Ciwon huhu ga yara, tari mai daɗewa da ciwon ido ga mata, duk yana da hannu a ciki. Hayaƙin leda da roba ya fi na ice guba nesa ba kusa ba. A tanadi busassun ƙirare da totuwar masara don kunna wuta.

Gawayi ba shi da hayaƙi mai yawa, amma daji ya fi jin jikinsa. A ramin gawayi na gargajiya sai an ƙone kilo 5 zuwa 10 na ice kafin a sami kilo ɗaya. Kuma kada a kuskura a kwana da garwashi a ɗaki a rufe don jin ɗumi. Yana fid da wata iska marar wari wadda take kashe mutum cikin barci.

Murhun laka da za ku gina da kanku

Gyaran murhu ba sabon abu ba ne. Tun shekarun 1980 maƙera a Nijar suke ƙera wani murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ta yi aiki a kan murhun yumɓu. A nan Kaduna wata ƙungiya mai suna DARE ta yaɗa murhun ƙarfe na Save80, wanda aka yi wa rajista a ƙarƙashin shirin Majalisar Ɗinkin Duniya na rage hayaƙi a 2009. Masu shi sun ce yana rage ice kashi 80 cikin 100. Dabararsu duka ɗaya ce: a tsare wuta daga iska, a tilasta mata ta lashi jikin tukunya.

Wanda ba shi da kuɗin na ƙarfe, laka ta ishe shi. Ga yadda ake yi.

A sami yumɓu ko ƙasar suri, a kwaɓa da yankakkiyar ciyawa da kashin shanu, kamar za a yi yaɓe. A rufe ta ta kwana biyar zuwa bakwai, ana yayyafa ruwa. A kafa duwatsu uku, tsawonsu ɗaya, a ɗora tukunyar da aka fi girki da ita. Daga ƙasa zuwa gindin tukunya ya zama inci 5 zuwa 6. In ta yi sama da yawa wuta ba za ta kai ba, in ta yi ƙasa wuta ta shaƙe. A gina bango kewaye da duwatsun, kaurin yatsu huɗu, har ya kusa kunnen tukunya. Tsakanin bango da tukunya a bar rata kamar kaurin yatsa ɗaya. Nan ne asirin yake, gama ta nan harshen wuta zai bi. A yanke ƙofa ɗaya, faɗin tafin hannu, ta inda za a sa ice. A cire tukunya, a shafe ciki da ruwa, a bar shi ya bushe a inuwa mako guda. In ya tsage a like.

Kowace tukunya da murhunta, ta tuwo daban, ta miya daban. Ice biyu ko uku sun isa a lokaci guda. Murhun nan ba shi da bututun hayaƙi, don haka a gina shi a rumfa ko a madafa mai taga biyu, a kuma kāre shi daga ruwan sama.

Ƙananan dabaru ma suna taimako. A rufe tukunya. A jiƙa wake tun dare. Abinci ya tafasa, a janye ice ɗaya. In wake ya yi minti 15 yana tafasa sosai, ana iya sauke tukunyar a rufe, a sa ta cikin kwando da aka cika da tsummoki ko ƙaiƙayi, a lulluɓe. Bayan awa uku zuwa huɗu ya nuna, ba tare da ice ko ɗaya ba. An gama girki, a kashe ragowar icen da yashi, a ajiye don gobe.

Gani ya kori ji

Kada ku karɓi maganarmu haka kawai. A taronku na gaba ku gayyaci zumuntar mata. Ku auna ice a sikeli, kashi biyu daidai. Mace ɗaya ta dafa mudu ɗaya na shinkafa a duwatsu uku, wata ta dafa mudu ɗaya a murhun laka, tukunya iri ɗaya, ruwa daidai. Ku auna icen da ya rage wa kowace. Ku sake gwadawa da ɗanyen ice da busasshe. In murhun bai rage kome ba, ku duba ratar da tsawon duwatsun, galibi a nan kuskure yake. Ku bar matan su faɗi aibinsa, gama su ne za su tuƙa tuwo a kai.

Icen gobe

Tanadi kaɗai ba ya mai da daji. A ƙasar Maraɗi, tun daga 1983, wani ma'aikacin mishan na SIM mai suna Tony Rinaudo ya yi aiki da manoma a kan su daina ƙone kututturen da ke toho a gona. Sai a zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi, a sassabe saura. Ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a gonakin Nijar. Mu da muka fi su ruwan sama ba mu da hujja. Abin da aka sassabe shi ne icen girkin shekara.

Ƙungiyar da take da fili tana iya dasa kashiya, malaina ko turare a kan iyaka. Duk suna sake toho bayan an sare. Turare dai a nisanta shi daga amfanin gona da rijiya, gama yana da shan ruwa. Kaɗanya da ɗorawa da tsamiya kuwa a bar su. Man kaɗe da daddawa na shekara talatin sun fi wutar mako ɗaya.

To, 'yan'uwa, aiki uku ne a gabanmu kafin Kirsimeti. Kowane gida ya faskara icen damina ya jera a kan dutse. Kowace ƙungiya ta sa maganar kayan faskare a taro. A kuma gina murhun laka ɗaya a inda kowa zai gani, a auna. Ku aiko mana da abin da sikeli ya nuna, ko mai daɗi ko marar daɗi, za mu buga don sauran ƙungiyoyi su ƙaru.

Allah ya ba mu lafiyar aiki.