Laka Ce Ke Fara Koyon Tafiya

An daɗe ana ɗaukar lakar ƙashin baya tamkar 'yar aike, aikinta kawai isar da umarnin ƙwaƙwalwa ga tsokoki. Wannan fahimta tana ta ja da baya a wurin masana, kuma hujjoji ne suka raunana ta. Tun 1911 Thomas Graham Brown ya raba lakar kyanwa da ƙwaƙwalwarta, ya kuma datse jijiyoyin da ke kawo saƙon ji daga ƙafafu, amma tsokokin ƙafafun baya suka ci gaba da tanƙwashewa da miƙewa bi da bi. A shekarun 1960 Viktor Hamburger ya ga ɗan tsako yana motsi cikin ƙwai ko da an raba shi da jijiyoyin ji. Ɗan tayin mutum ma yakan fara motsi wajen mako na 7 zuwa 8, alhali uwa ba ta jin motsin sai mako na 16 zuwa 20. Ke nan a cikin laka akwai gungun jijiyoyi masu tayar da kansu.

Wannan motsi na farko shi ke gina jiki. Idan aka sa wa ɗan tsako maganin da ke hana tsoka motsi tun yana cikin ƙwai, gaɓoɓinsa sukan manne, haka ma jaririn da ya rasa motsi a ciki yakan zo da gaɓoɓi a ƙage. Laka tana motsa tsoka, tsoka tana maido mata da labari, da haka haɗin jijiyoyin ke gyaruwa.

Wani zai ce ai jinjirin da aka riƙe a tsaye yakan ɗaga ƙafa kamar mai tafiya, amma wajen wata 2 sai ya daina, alamar ƙwaƙwalwa ta danne aikin laka. Esther Thelen ta amsa wannan a shekarun 1980: da ta tsayar da irin waɗannan jarirai cikin ruwa, takun ya dawo, domin nauyin cinya ne ya fi ƙarfin tsoka. Wani kuma zai ce wanda lakarsa ta tsinke ai ba ya tafiya. Haka ne, domin niyya da daidaita tsayuwa suna bukatar ƙwaƙwalwa. Amma a 2018, a birnin Lausanne na Suwizalan, tawagar Grégoire Courtine ta haɗa motsa laka da lantarki da atisaye, maza 3 masu raunin laka da bai tsinke gaba ɗaya ba suka taka da abin dogarawa. Shi ya sa masu jinyar shanyewar ƙafafu suka mai da hankali ga horar da jijiyoyin da suka rage a ƙasa da raunin.