Motar A-kori-kura Mai Shan Dizal: Furfure ko Sauya Inji?

Tun daga shekarar 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya hargitsa kasuwar mai ta duniya har litar dizal a Nijeriya ta tashi daga ƙasa da naira 300 a watan Janairu zuwa sama da naira 700 a tsakiyar shekarar, masu motocin a-kori-kura, wato ƙananan motocin ɗaukar kaya masu buɗaɗɗen baya irin su Toyota Hilux da Land Cruiser da Mitsubishi L200 da Isuzu D-Max, suke ta juya tambaya guda a zukatansu. Ko dai su rabu da motar ta hanyar sayarwa ko furfure, wanda shi ne musayar mota da wata tare da bayar da ciko ko karɓarsa, ko su cire injin dizal su dasa na fetur, ko kuma su mayar da ita mai amfani da iskar gas. Mafi yawan masu yanke wannan shawara suna yanke ta ne bisa farashin da suka gani a allon gidan mai, alhali kuwa wannan farashi shi ne abu mafi saurin canzawa a cikin dukkan abubuwan da ya kamata a auna.

Kafin a kai ga batun kuɗi, wajibi ne a fahimci yadda injin kansa yake aiki, domin daga nan ne wahalar sauya shi ta samo asali. Injin fetur yana gauraya mai da iska, ya matse su da fistin kamar ninki 9 zuwa 11, sannan fulogi ya ba da tartsatsin wuta su kama. Injin dizal, wanda Rudolf Diesel ya yi nasarar tayarwa a birnin Augsburg na Jamus a 1897, ba shi da fulogi irin wannan ko kaɗan: iska zalla yake zuƙa, ya matse ta ninki 15 zuwa 22 har ta yi zafi ƙwarai, sai nozul ya fesa mai a cikinta, man ya kama da kansa. Wannan matsi mai tsanani shi ya sa ake ƙera injin da ƙarfe mai kauri, shi ya sa yake da nauyi da tsada da tsawon rai, kuma shi ya sa yake fitar da aiki mai yawa daga kowace lita. Bugu da ƙari, litar dizal, wanda direbobi suka fi kira man gas, ta fi litar fetur ƙunsar makamashi da kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari.

Ma'aunin da ya dace ke nan shi ne kuɗin da mota ke ci a kowace kilomita. Alal misali, idan mota mai dizal tana shan lita 9 a tafiyar kilomita 100, takwararta mai fetur kuma tana shan lita 13 da kaya iri ɗaya a hanya ɗaya, to sai farashin dizal ya zarce na fetur da fiye da kashi 44 cikin ɗari kafin mai fetur ta fara yin arha. A 2022 wannan sharaɗi ya cika har ya yi ambaliya, domin gwamnati tana biyan tallafi a kan fetur ana sayar da shi ƙasa da naira 200 a farashin hukuma, dizal kuwa an daɗe da sakar wa kasuwa shi, don haka ya ninka fetur fiye da sau uku. Amma a ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin, fetur ya haura naira 600 cikin wata biyu, ya kuma wuce naira 1,000 a ƙarshen 2024. A ɗaya ɓangaren kuma matatar Ɗangote ta fara sayar da dizal a farkon 2024, ta sauko da farashinta zuwa naira 1,000 a watan Afrilu. Wanda ya fitar da lafiyayyen injin dizal a 2022 yana ganin ya yi dabara, kafin shekara biyu tazarar da ya gina lissafinsa a kanta ta tsuke, kuma injin da ya sayar da arha ba zai sake samunsa a wannan kuɗi ba.

Dasa injin fetur a mazaunin na dizal aiki ne da kanikawa suka saba yi, musamman a Hilux, inda akan cire injin 5L ko 2KD a sa 3RZ ko 2TR mai lita 2.7, waɗanda ake samun na hannu, wato tokumbo, a Ƙofar Ruwa ta Kano da Fanteka ta Kaduna da Ladipo ta Legas. Sai dai kuɗin da bakanike yake faɗa da farko galibi na inji ne da ladan aiki kawai, sauran kuma sai an buɗe mota suke bayyana ɗaya bayan ɗaya. Ƙafafun da inji ke zama a kansu kan buƙaci sauyi ko walda. Bakin giyabos ba lalle ne ya dace da sabon injin ba. Dole a wanke tanki a sa famfon fetur, a sake salansa, a ja sababbin wayoyi, a haɗa kwamfutar inji da allon gaban direba. Akwai ma wani ɗan abu da akan manta da shi mai alaƙa da rai: abin da ke sauƙaƙa taka birki yana aiki ne da zuƙar iska, wadda a motar dizal wani ƙaramin famfo ne na musamman ke samar da ita, a motar fetur kuwa daga bututun shigar iska na inji ake ɗaukarta, kuma idan ba a haɗa wannan daidai ba birki yakan yi tauri a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Ko an yi aikin da kyau, halin motar yakan canza. Ƙarfin murɗa, wato ƙarfin da inji ke juya ƙafafu da shi, a injin dizal na 1KD mai lita 3.0 yana kaiwa Newton-mita 343 tun inji yana juyi ƙasa da 2,000 a minti, shi kuwa 2TR sai ya kai juyi 3,800 kafin ya ba da kimanin 240. An tsara haƙoran giya da na aksul ne bisa injin asali, saboda haka motar da a da take tashi da buhunan masara daga gona cikin yashi ba tare da gardama ba, yanzu sai an ba ta wuta sosai ana ƙona kuloci, kuma shan man da aka yi hasashe ya ƙaru. Ga mai zirga-zirgar cikin gari da kaya marasa nauyi wannan ba wata babbar asara ba ce, amma ga mai jigilar hatsi daga kasuwannin ƙauye, a nan ne ribar take zurarewa.

Hanya ta biyu ta sauya motar ita ce matsattsiyar iskar gas da ake kira CNG, wadda gwamnatin tarayya ta kafa shiri na musamman don yaɗa ta a 2023 bayan cire tallafi. Abin da tallace-tallace ba su cika bayyanawa ba shi ne sauƙin da ake magana a kai na motar fetur ne, domin tana da fulogi, sai dai kawai a ƙara mata tukunya da na'urar rage matsi da nozul na gas. Iskar ba ta kamawa da kanta sai zafi ya wuce digiri 500, alhali dizal yana kamawa tun bai kai 300 ba, don haka matsin injin dizal kaɗai ba ya isa ya kunna ta yadda ake so. Mafita biyu ce. Ta farko ita ce a bar injin yadda yake, a riƙa shigar da gas tare da iskar da yake zuƙa, ɗan dizal ɗin da nozul ke fesawa ya zama shi ne ashanar da ke kunna ta. Amfanin wannan tsari shi ne idan gas ya ƙare mota za ta ci gaba da tafiya da dizal zalla. Illarsa kuma ita ce wani kaso ne kawai na dizal ake ragewa, kuma kason yakan yi ƙasa ƙwarai idan inji yana sulo ko ana tafiyar tsaya-tashi a cunkoso, sannan idan aka cika gas don kwaɗayin tsimi inji yakan yi ƙwanƙwasa ya ɗauki zafin da ke cinye fistin. Ta biyu ita ce a mayar da injin na gas ɗungurungum: a rage matsinsa ta hanyar sauya fistin ko sassaƙe shi, a cire nozul a sa fulogi a gurbinsa, a ƙara na'urar ba da wuta. Wannan tafiya ce da ba a dawowa, kuma ta fi dacewa da kamfanonin da ke da manyan motoci masu yawa da ma'aikatan gyara nasu na kansu.

Tukunyar gas ɗin ma tana da nata lissafi. Ana ɗura iskar ne da matsin da ya kai ninki 200 na iskar sarari, alhali tayar mota ba ta wuce ninki biyu zuwa uku ba, shi ya sa tukunyar ƙarfe mai cin lita 65 takan yi nauyin kilo 60 zuwa 70, kuma abin da take ɗauka bai wuce kwatankwacin litar mai goma sha biyar ba. Motar da aka ƙera don ɗaukar kimanin tan ɗaya, idan aka ɗaura mata tukwane biyu a baya, ta yi asarar nauyin buhun hatsi ɗaya da wani abu, da kuma wurin da ya fi haka, a kowace tafiya har iyakar rayuwarta. Tukunyar gas ɗin girki, wadda aka yi don matsin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, ko wadda mai walda ya harhaɗa, ba ta da gurbi a nan ko kusa. A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a wani gidan ɗura gas a birnin Benin na jihar Edo, mutane suka jikkata, hukumomi kuma suka danganta lamarin da tukunyar da ba ta cika ƙa'ida ba. Tukunya ta gaskiya tana ɗauke da hatimin shekarar ƙira da matsin aiki a kafaɗarta, tana kuma da wa'adin dubawa da na daina aiki.

Duk wannan ma sai inda ake samun iskar. Bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, a 2020 aka ƙaddamar da aikinsa, kuma wuraren ɗura gas a Arewa sun fi taruwa a manyan birane. Motar da ke kai-komo a hanya ɗaya kullum kusa da irin wannan wuri, tana cin kilomita masu yawa, za ta iya mayar da kuɗin aikin. Wadda ke bin kasuwannin mako-mako a karkara kuwa ɗaukar tukunya kawai za ta riƙa yi. Ga direbobin da ke ratsa Sahara daga Agadas zuwa Dirku batun bai ma taso ba, domin abin da ke gabansu shi ne nisan da tanki ɗaya zai kai da amincin man da ake ɗauka a jarkoki cikin zafin rana, kuma dizal ba ya fitar da tururi mai kamawa sai zafinsa ya wuce digiri 50, fetur kuwa yana fitarwa ko a cikin tsananin sanyi.

Sau da yawa abin da ke ingiza mai mota ga tunanin sauyi ba tsadar mai ba ce ita kaɗai, injin ne ya fara shan mai fiye da ƙima yana baƙin hayaƙi, kuma ba a tsaya an gano dalili ba. Gwajin farko ba ya bukatar na'ura: a tayar da motar da sassafe tun inji yana da sanyi a ga ko za ta tashi bugu ɗaya, sannan a buɗe murfin zuba man inji a ɗora shi a bakin ramin ba tare da an murɗa ba. Idan murfin ya zauna yana ɗan rawa, zobban fistin suna da sauran rai. Idan hayaƙi yana tunkuɗo shi yana faɗuwa, inji ya gaji. Baƙin hayaƙi tare da matsi mai kyau yawanci laifin nozul ne ko famfon injakta ko toshewar matatar iska, musamman bayan ƙurar hunturu, kuma gyaran waɗannan galibi bai kai kuɗin dashen inji ba. Tsofaffin injuna irin 5L da 1HZ suna haƙuri da mai maras kyau, amma na zamani masu fesa mai da matsin da ya haura ninki 1,500 na iskar sarari, ɗan ruwa ko kananzir da aka gauraya a man bumburutu ya isa ya lalata nozul ɗinsu, sai a ɗora wa injin laifin da na mai ne.

Idan bincike ya nuna injin ya gaji, sai a duba shasi, domin shi ne motar. Tsagewa kusa da maƙalar sifirin, tsatsa mai cin ƙarfe, ko alamun walda bayan haɗari, duk suna nufin kowane kuɗi aka zuba a inji an zuba shi ne a kan ginshiƙin da ba zai daɗe ba, kuma a nan furfure ya fi. Haka ma wanda ya ƙudura lalle sai gas, ya fi masa sauƙi ya musanya motarsa da wadda kamfani ya ƙera da injin fetur sannan ya sa mata tukunya, maimakon ya yayyanka ta dizal. Kasuwa ma tana da nata hukunci: dillali yana buɗe bonet ya ga wayoyi da aka ɗaure da salatif da ƙafar inji mai sabuwar walda, zai ce motar an taɓa ta, ya zabge farashi, ko da kuwa injin da ke ciki ya fi na asali lafiya. Sannan lambar inji tana rubuce a takardun mota, saboda haka duk wanda ya sauya shi wajibi ne ya riƙe rasiɗin saye, ya je ofishin lasisi a gyara bayanin, ya kuma sanar da kamfanin inshora, in ba haka ba saɓanin lambobi zai iya tsayar da motar a shingen bincike ko ya rushe cinikinta ranar da aka tashi sayarwa. A wajen furfure kuwa, motar da za a karɓa ita ma sai an yi mata gwajin sassafe, an gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke cikin takardun kwastan, an kuma cire la'adar dillali da kuɗin sauya suna daga cikin ciko kafin a ce an sallama.