Mene ne walda ta iska mai zafi?

Hanya ce ta haɗa roba da roba ba tare da gam ba. Injin waldar yana hura iskar da zafinta kan wuce digiri 300, ta tausasa gefunan biyu, sai mai aiki ya danne su da ɗan gare har su huce. Idan tsaga ce, ana narka siririyar sandar roba a ciki. Dole sandar ta zama irin robar da ake gyarawa, in ba haka ba ba za ta kama ba.

Masu tampol, tankin ruwa da bambar mota na cikin masu buƙatarta. Zafi in ya yi yawa roba ƙonewa take yi, kuma hayaƙin PVC yana cutar da huhu, don haka a yi aikin inda iska ke kaɗawa.