Tseren Paris-Dakar: Darasi ga Masu Babur

Ran 26 ga Disamba 1978 aka soma tseren Paris-Dakar na farko. Motoci da babura 182 suka tashi daga Paris, suka ratsa Agadas da Yamai, amma 74 kaɗai suka isa Dakar ran 14 ga Janairu 1979. Bafaranshe Cyril Neveu ne zakaran babura, bisa Yamaha. A shekarun baya tseren ya ci rayuka, har na ƴan ƙauyen bakin hanya.

To, jama'a, mai tsere yana da hular kwano, likitoci na biye da shi. Ɗan kabu-kabu kuwa, tsakanin Tasawa da Mayahi, ran fasinja ne a hannunsa. Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa.